Moto a Injinan Gwajin Faifan Had Disk: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga ɗaliban injiniya da sababbin ma'aikatan da aka damƙa wa injin gwaji. An sa musu lamba domin wasu amsoshin suna jingine da wasu.

1. Wane irin gwaji ake yi wa faifai kafin a rufe shi cikin had disk?

Faifan, na alminiyam ne ko na gilashi, yana ɗauke da shimfiɗu sirara ɗaya bisa ɗaya: ta maganaɗisu mai riƙe bayanai, sai ta kabon mai kaurin nanomita 2 zuwa 3 (nanomita kashi ɗaya ce bisa miliyan na milimita), sai man shafawa kimanin nanomita 1 a sama. Kan da ke rubutu da karatu ba ya taɓa faifan. Shawagi yake yi a kan iskar da faifan ke jawowa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan nanomita ba. Ƙurji ɗaya da ido ba ya gani ya isa ya lalata shi.

Shi ya sa ake fara goge faifan da zare mai laushin yashi, a bi da wani kai na musamman mai aske abin da ya yi tsini. Daga nan sai gwajin shawagi: a saki kai mai ɗauke da ƙwayar fiyezo, wadda ke ba da wuta idan an matsa ta, ya bi fuskar faifan ƙasa-ƙasa, duk inda ya yi karo da tudu ƙwayar ta ba da sigina. Sai gwajin maganaɗisu, inda ake rubuta sigina a sake karanta ta don gano wuraren da ta ɓace ko ta ƙaru. Akwai kuma duba da hasken leza, irin wanda injinan Candela na kamfanin KLA ke yi. Kawunan ma ana gwada su a kan teburin juyi, wanda kamfanin Guzik da ke Mountain View a Kalifoniya ya yi suna wajen ƙerawa.

A duk matakan nan faifai yana juyawa a kan sanda, wani abu kuma yana tafiya tsakanin bakinsa da cibiyarsa. Moto biyu ke nan aƙalla: mai juya sandar, da mai kai kan inda ake so.

2. Me ya hana a yi gwajin da moton had disk ɗin kansa?

An ƙera shi ne ya riƙe faifansa har ƙarshen rayuwarsa a gudu ɗaya, yawanci zagaye 5,400 ko 7,200 a minti. Injin gwaji kuwa yana ɗora faifai yana saukewa yini guda, yana canza gudu a tsakiyar gwaji, kuma ana son ya tashi ya tsaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙaramin moton ba shi da wannan ƙarfin.

Babban dalilin dai shi ne daidaito. Faifai mai layin bayanai 500,000 a inci ɗaya yana nufin nanomita 50 ne kawai tsakanin layi da layi. Had disk yana son kan ya zauna cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na wannan faɗi, wato nanomita 5. Ma'auni kuwa dole ya fi abin da yake aunawa kyau nesa ba kusa ba. Idan sandar injin tana rawa daidai da yadda ta had disk ke yi, ba za a san ko laifin faifai ake gani ba ko na injin. Aikin moton gwaji shi ne ya juya faifan ba tare da ya bar sawunsa a sakamakon ba, kuma kusan duk abin da ke ƙasa daga wannan buƙata ya taso.

3. Mece ce gocewa, kuma me ya bambanta RRO da NRRO?

Babu sandar da ke juyawa a kan cibiya guda cif-cif. Kullum tana ɗan gocewa gefe, ko sama da ƙasa, ko ta karkata. Ɓangaren da ke dawowa iri ɗaya a kowane zagaye shi ake kira RRO. Faifan da bai zauna a tsakiya ba shi ne misalin da aka fi gani. Wannan da sauƙi, domin tunda yana maimaituwa ana iya auna shi a cire shi da lissafi, kuma layin da aka rubuta a kan injin yana bin wannan gocewar, don haka kan zai same shi a inda ya bar shi.

NRRO shi ne wanda ke canzawa daga zagaye zuwa zagaye, kuma shi ne abokin gaba. Boris, wato mazaunin da sanda ke juyawa a cikinsa, idan mai ƙwallaye ne ba ya rabuwa da shi, saboda kejin da ke riƙe ƙwallayen yana juyawa ne a kusan kashi 40 cikin ɗari na gudun sandar, don haka ƙwallayen ba sa komawa wuri ɗaya bayan kowane zagaye. Wannan ne ya sa masu ƙera had disk suka koma boris mai aiki da mai a farkon shekarun 2000, irin na Barracuda ATA IV da Seagate ta fitar a 2001. Injinan gwaji kuwa boris na iska suke amfani da shi.

4. Yaya boris na iska yake aiki, kuma me yake buƙata?

Ana tura matsattsiyar iska ta ƙananan ramuka, ko ta cikin kabon mai kofofi, zuwa tazarar da ke tsakanin sanda da gidanta, wadda yawanci maikuron 5 zuwa 10 ce (maikuron kashi ɗaya ne bisa dubu na milimita). Idan sandar ta matsa gefe ɗaya, tazarar wajen ta ragu, matsin iska ya ƙaru, ya mayar da ita tsakiya. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, babu giris, babu abin da ke cinyewa. Shimfiɗar iskar kuma tana shafe ƙananan kurakuran da aka bari wajen sassaƙa, shi ya sa sandar ke juyawa da kyau fiye da yadda aka ƙera sassanta.

Iskar ce rayuwarsa. Ana ba shi matsi kimanin 5.5 zuwa 6 a ma'aunin bar, ta bi ta matata mai kama ƙura ta maikuron 5, sannan ta mai kama tururin mai ta maikuron 0.01, sannan na'urar busarwa. Ɗigon ruwa ko man kwamfuresa yana toshe ramukan, kuma kabon da ya sha mai da wuya ya koma daidai. Abubuwa biyu ba a wasa da su: makunnin matsi da ke hana moto tashi idan iska ta yi ƙasa, da ƙaramin tanki mai bawul ɗin hana komawa, wanda zai ci gaba da ba da iska har sandar ta tsaya idan kwamfuresa ta mutu. Sandar da iska ta yanke mata tana gudun 10,000 a minti takan goge jikin gidanta nan take, kuma gyaranta sai an mayar wa maƙera. Ko da hannu kada a juya ta in ba iska.

5. Me ya sa ake guje wa moto mai haƙora?

A moton da aka saba, ana naɗa wayar jan ƙarfe a kan haƙoran baƙin ƙarfe. Maganaɗisun da ke juyawa yana son tsayawa daidai da kowane haƙori, don haka ko ba wuta za ka ji yana fizga idan ka murɗa shi da yatsa. Ana samun yawan fizgar a zagaye ɗaya ta hanyar neman ƙaramar lambar da yawan haƙora da yawan kawunan maganaɗisu duka ke shiga cikinta. Moto mai haƙora 9 da kawuna 12, irin wanda ya cika had disk, yana fizga sau 36 a zagaye. A gudun 7,200, wato zagaye 120 a daƙiƙa, fizga 4,320 ke nan kowace daƙiƙa, tana shiga sanda, tana kaɗa faifai.

Akwai illa ta biyu wadda ta fi damun boris na iska. Maganaɗisu yana jan haƙoran ta gefe. In roto, wato ɓangaren moton da ke juyawa, ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan, jan ɓangaren da ya fi kusa ya fi ƙarfi, sai ya ƙara janyo shi. Iska tana tura sanda tsakiya, maganaɗisu yana fitar da ita, taurin boris ɗin ya ragu.

Maganin shi ne moto mara haƙora. Ana yin naɗin kamar siririn kofi, a daskarar da shi da danƙo, ya tsaya a cikin tazarar maganaɗisu. A wasu ƙirar babu baƙin ƙarfe ko kaɗan a ɓangaren da ke tsaye, domin ƙarfen da ke mayar da maganaɗisu yana juyawa tare da roto. Babu fizga, babu jan gefe, kuma babu zafin da ƙarfe ke yi idan maganaɗisu na sauya masa fuska. Ana zura roton kai tsaye a jikin sandar, ba bel, ba mahaɗi.

6. To mene ne aibin moto mara haƙora?

Tazarar maganaɗisunsa ta fi faɗi, don haka yana cin maganaɗisu mai yawa kafin ya ba da ƙarfin murɗa daidai da mai haƙora. Naɗin ma ba shi da ƙarfen da zai kwashe masa zafi.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen amfilifaya, na'urar da ke ba moton wuta. Indoktans ɗin irin wannan naɗi, wato turjiyarsa ga sauyin wuta farat ɗaya, ƙarami ne ƙwarai, wani lokaci maikurohenri 20 kacal. Amfilifaya mai yanka wuta da PWM, wato kunnawa da kashewa cikin sauri, yana barin karan, wato wutar da ke bin wayar, yana hawa da sauka, kuma mafi munin girman wannan hawa da sauka shi ne bolt a raba da ninki huɗu na indoktans sau saurin yankan. Da bolt 48, maikurohenri 20 da yanka 20,000 a daƙiƙa, lissafin ya ba da amfiya 30. Moton zai yi zafi ko ba ya ɗauke da komai, hayaniyar kuma ta shiga siginar kai. Idan aka ƙara naɗin maikurohenri 200 a kowace waya aka ɗaga yankan zuwa 100,000, abin ya sauko kusan rabin amfiya. Masu neman tsabtar gaske sukan ɗauki amfilifaya mara yanka, su haƙura da zafinsa, su ajiye shi nesa da teburin. Karan ɗin kuma a ba shi cikin siffar igiyar sayin, mai hawa da sauka a hankali ba tsalle. Sauya waya mataki shida yana dawo da fizgar da aka biya kuɗi don a rabu da ita.

7. Wane gudu ake buƙata, kuma yaya ake riƙe shi?

Teburin gwajin kai yana kwaikwayon had disk, don haka yana aiki daga 5,400 zuwa 15,000 a minti, gudun da Cheetah X15 ta kawo a 2000. Gwajin shawagi daban ne. Tsayin da kai ke tashi ya dogara da saurin fuskar faifan a ƙarƙashinsa, don haka wannan saurin ake riƙewa. Domin samun mita 10 a daƙiƙa, sandar za ta yi kusan 2,120 a minti idan kan yana milimita 45 daga cibiya, ta hau zuwa kusan 4,775 idan ya iso milimita 20. Moton yana ƙara gudu ke nan a hankali duk tsawon gwajin, ba tare da tangarɗa ba.

Ana riƙe gudun da inkoda mai haske, wato na'urar ƙirga juyi, a gindin sandar, ana gwada bugunta da na agogon kiristal, ana gyara karan ɗin don su tafi tare. A 7,200 zagaye ɗaya milidaƙiƙa 8.33 ne. Kuskuren kashi 0.001 cikin ɗari ya zama nanodaƙiƙa 83, kuma idan ana rubuta bit biliyan 2 a daƙiƙa, wurin bit fiye da 160 ke nan. A lura da tarko guda: idan faifan inkodar bai zauna a tsakiya ba, zai riƙa nuna sauyin gudu na ƙarya sau ɗaya a zagaye, na'urar sarrafawa ta bi shi, ta haifar da sauyi na gaske. Kawunan karanta inkoda biyu da ke fuskantar juna suna soke wannan.

8. Yaya ake lissafin ƙarfin da moton ke buƙata?

Faifan ba shi ne nauyin ba. Na alminiyam mai faɗin milimita 95, rami 25, kauri 1.27, giram 23 ne kawai. Sandar da abin riƙon sun ninka shi sau da yawa. A ce nauyin juyin duka ya kai 0.0005 a ma'aunin kilogiram sau murabba'in mita, ana son kai 10,000 a minti cikin daƙiƙa 2. Wannan gudun radiyan 1,047 ne a daƙiƙa, don haka ƙarfin murɗar da ake so ya kai niyuton-mita 0.26, sai a ƙara na jan iska. Da an kai gudun, abin da ake buƙata ya ragu sosai.

Tsayawa ma aiki ne. Jul 274 ke cikin sandar, kuma boris na iska ba ya rage komai, don haka moton ne birki, makamashin kuma ya bi ta resista a wajen injin. A zaɓi moto bisa matsakaicin zafin dukan zagayen aiki, tashi da gwaji da tsayawa da sauya faifai.

9. Ina ruwan zafin moto da sakamakon gwaji?

Alminiyam yana miƙewa maikuron 23 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Sashe mai tsawon milimita 100 zai ƙaru da maikuron 2.3, wato layi 46 a faifan tambaya ta 2. Zafin yana kuma sauya tazarar boris. Juriyar jan ƙarfe tana hawa kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, maganaɗisun niyodimiyam yana raguwa da kimanin 0.12, sai moton ya nemi ƙarin karan, ya ƙara zafi.

Don haka ake sa moton a ƙarshen sandar da ya fi nisa da faifai, a bi da iskar da ta fito daga boris ta kansa, a bar injin ya yi ta juyi kafin a fara aiki har ma'auni ya daina tafiya.

10. Yaya ake riƙe faifan, kuma me rashin balans ke jawowa?

Ko dai a zuƙe shi da iska ta cikin sandar, ko a matse bakin raminsa da maƙali. Matsi ya yi yawa faifan ya lanƙwashe, ya yi kaɗan ya zame lokacin tashi ko birki. Zamewa kuwa tana ɓata duk layukan da aka riga aka rubuta.

Faifai mai giram 23 da ya kauce maikuron 25 daga tsakiya yana jan sanda da niyuton 0.6 a gudun 10,000. A boris mai taurin niyuton 50 kan kowane maikuron, gocewar nanomita 12 ke nan. Tana maimaituwa, amma tana girgiza teburin da hannun da ke riƙe kai, daga nan ta rikiɗe ta zama NRRO. Ana yi wa sandar balans a wurare biyu tare da abin riƙonta. Matakin G0.4 na ƙa'idar ISO 21940-11 bai yarda da kaucewar da ta kai maikuron 0.4 ba a wannan gudun.

11. Wane moto ke motsa kan?

A cikin had disk, hannu ne mai lilo da naɗi irin na lasifika ke turawa. A teburin gwaji ana raba aikin biyu. Babban keke mai tafiya gaba da gefe, wanda moto miƙaƙƙe ke ja a kan dutsen giranet, yana kai kan wurin da ake so da karkatar da hannun had disk zai ba shi. A ƙira da yawa, da ya isa sai a janye iskar da yake shawagi a kanta a zuƙe shi ya manne da dutsen, domin moton da ke riƙe da wuri kullum yana ɗan rawa.

Daga nan fiyezo, wanda ke ɗan miƙewa idan an ba shi wuta, ya karɓa. Tafiyarsa 'yan gomman maikuron ce, amma yana iya taku ƙasa da nanomita. Halinsa shi ne hanyar zuwansa ba ita ce ta dawowarsa ba, bambancin yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma yana ci gaba da jan jiki bayan an tsayar da wuta. Ba a barinsa ba ma'auni a gefensa. Injinan zamani suna rubuta alamun nuna wuri (servo) a faifan, fiyezo ya riƙa binsu, wanda ke rage tasirin zafin da aka faɗa a tambaya ta 9.

12. Me moto zai iya yi wa faifai ko kai ban da girgiza?

Ana aikin ne a ɗaki mai matakin tsabta ISO 5, inda ba a yarda ƙura mai girman rabin maikuron ta wuce ƙwaya 3,520 a kubik mita ɗaya na iska ba. Ɓarɓashin maganaɗisu ya fi kowace ƙura sharri, domin yana goge bayanai ban da karce, shi ya sa ake rufe maganaɗisun da nikel ko danƙo. Silikon haramun ne a gam da rigar waya, saboda tururinsa yana taruwa a kan kai. Filin maganaɗisun moton ma sai an kange shi daga faifan.

Sai wutar gogayya. Sandar da ke shawagi a iska ba ta haɗe da ƙasa, faifan kuma yana tara caji yana juyawa. Kan karatu na zamani ƙaramin tartsatsi ke kashe shi. Ana sa ɗan buroshi ko maɓalli mai ɗaukar wuta a tsakiyar gindin sandar, inda saurin gogayya ya fi ƙanƙanta. Idan kawuna suka fara mutuwa a jere a injin guda, nan za a fara dubawa.

13. NRRO ya hau ba zato. Daga ina za a fara?

A sa ma'aunin tazara mai aiki da kafasita a gefen ƙwallon gwaji, a ɗauki zagaye ɗaruruwa ana farawa daga alamar inkoda, a cire matsakaicinsu. Abin da ya rage shi ne NRRO. Ƙa'idojin ISO 230-7 da ASME B89.3.4 sun shimfiɗa hanyar. Sannan a baje siginar bisa saurin kaɗawa. Abin da ke ƙasa-ƙasa yawanci daga daɓe ne ko daga matsin iska mai hawa da sauka. Tsinin sigina a kaɗawa 50 ko 60 a daƙiƙa wutar gari ce ta shiga waya. Tudu mai faɗi daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, wanda ke bayyana sai an ɗora faifai, iska ce ke kaɗa faifan, kuma murfi mai matse bakinsa yana rage ta.

Gwajin da ya fi saurin raba gardama: a kai sandar gudun aiki, a yanke wa moton wuta, iska na nan, a bar ta tana juyawa da kanta. Tsinin da ya ɓace na moto ne ko amfilifaya. A nan ma akwai alamu. Moto mai kawuna 8 a gudun 7,200 yana sauya wuta sau 480 a daƙiƙa. Tsini a 480 yana nuna ma'aunin karan bai zauna a sifili ba, a 960 ma'aunan wayoyin ba su daidaita da juna ba, a 2,880 kuma siffar karan ba ta dace da ta moton ba. Tsinin da bai ɓace ba, a koma kan iska, matatu da abin riƙo, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 4 da ta 10.

14. Mai gyaran kwamfuta zai iya haɗa irin wannan da tsohon moton had disk?

Zai iya juya faifai, ba zai iya gwada shi ba, saboda dalilan tambaya ta 2 da ta 12. Abin da zai iya gwadawa a shago shi ne moton kansa. Yana da ƙafa uku ko huɗu. A mai uku, juriya tsakanin kowace biyu ta zama iri ɗaya, ohm kaɗan. A mai huɗu, ɗaya ta tsakiya ce, kuma daga ita zuwa kowace ƙafa ana samun rabin abin da ke tsakanin sauran. Idan juriya daidai take amma had disk yana ƙara siririya ba ya tashi, ko dai boris ya kafe ko kai ya manne a faifai. Ci gaba da kunna shi a wannan hali yana iya ƙona na'urar da ke tuƙa moton a kan allo, ko ya fizge kan ya karce wurin da bayanan suke.